Fuskar da Gara Za Ta Zo da Ita

Zuwa ga Goggona,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yan matanki na ƙungiyar karatu. Yaya gwiwar? Baba ya ce mini har yanzu ke kike hawa benen makaranta da kwalin littattafai, kamar babu ɗalibai a makarantar. Ni lafiyata ƙalau, sai darasin haɗa magunguna da ke neman cinye mini ƙwaƙwalwa.

Ga littafin mai kiwon iska na ɗaya na dawo miki da shi ta hannun Baban Tagwaye direba. Duk abin da kika rubuta da fensir a gefen shafi na amsa da shuɗin biro, kamar kullum. Ban yarda da ke ba a kan tsohon nan mai kwalekwale. Kin ce mayaudari ne, ni kuwa na ga yunwa ce kawai ke damunsa. A turo na biyu da wuri don Allah.

Na sami aikin Asabar a wani shagon kayan kwalliya kusa da makaranta. Ina jera kaya, ina karanta wa masu saye abin da aka rubuta a bayan kwalba.

Goggo, a shafin ƙarshe na littafin akwai hoto. Ki zauna kafin ki duba.

Uwar shagon ce ta zaunar da ni wata rana da babu ciniki. Ta gwada man rufe tabo kala-kala a haɓata har ta sami wanda ya yi daidai da fatata, sannan ta ɗauki ɗan soso tana dannawa a hankali. Da ta miƙo mini madubi sai na ga tawadar Allah ɗin nan, tun daga kunne har gefen baki, babu ita. Ba man bilicin ba ne, na karanta abin da ke ciki sarai, kuma ruwa da sabulu ke wanke shi.

A haka na fita na shiga mota. Wani yaro a cinyar uwarsa ya kalle ni ya kau da kai, shi ke nan. Kin san tun ina ƙarama babu motar da zan shiga ban sami mai ba ni labarin wani magani ba. Ranar har na sauka ba wanda ya ce mini uffan. Na taka har ɗaki ina dariya ni kaɗai.

Ba wanda na nuna wa a gida. Ke na fara aiko wa, don ke ce mai dafa wurin da tafin hannunki idan na dawo daga makaranta ina kuka. Ki faɗa mini gaskiyar abin da kika gani. Hutu ya kusa, kuma a wajenki nake so in yi shi.

'Yarki,
Gara

*

Zuwa ga Garata mai cin littafi,

Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta yi kewa. Ina fatan karatu na tafiya, kuma kina cin abinci a zaune, ba a tsaye da littafi a hannu ba. Gwiwa da sauƙi, sai idan ta hango bene. Babanki lafiya, ya sayi sabon tabarau amma har yanzu tsohon yake nema.

Malamin lissafinmu zai zo wani taro a wajenku, shi na ba wannan saƙo. Ga mai kiwon iska na biyu. Ki wanke hannu, ki zauna da kyau, don wannan ya fi na farko nesa ba kusa ba! A nan ne yarinyar nan mai kiwon iska ta bi iskarta da ta ɓace har Birnin Aron Fuska, inda kowa ke zuwa kasuwa da safe ya ari fuska ya saka, da yamma ya mayar. Na kasa ajiye shi. Shayi ya huce mini, na ɗumama, ya sake hucewa. Fensirina ya yi aiki a wannan babin har sai da na sake fiƙe shi. Abin da nake so da irin waɗannan littattafai ke nan. Mutane na cewa tatsuniyar yara ce, dodanni da takubba, alhali marubucin kirki yakan kai ka wata duniya ne don ka ga taka da kyau.

Ranar Alhamis 'yan ƙungiya suka matsa mini sai mun kalli fim, wai sun gaji da karatu. Suka kawo wani na barkwanci da soyayya. Yarinya ce mai sayar da takalma, tana sanye da tabarau da ɗankwali a karkace, ɗan mai kamfanin yana wuce ta kullum ko kallo. Sai ƙawayenta suka kwaɓa mata hoda da jan baki, suka cire tabarau. Da ta shigo ofis, bawan Allah ya saki kofin shayi yana tambaya wace ce wannan! Mutumin da kullum take ɗaure masa igiyar takalmi! Na ce wa yara, wannan ba masoyi ba ne, majinyacin ido ne, a kai shi asibiti. Na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba, musamman inda akuya ta shiga ɗakin taro. Amma da aka gama sai da na tsayar da su na tambaye su: in sai kin ɓoye kanki za a gan ki, wa aka gani?

Ɗaya ta ce, "Malama, fim ne fa kawai." Na ce na sani, shi ya sa nake tambaya.

Na ji labarin shagon. Aiki abu ne mai kyau, na yi murna. Amma kin san ra'ayina a kan kayan nan. Rabin abin da ke cikin kwalaben tsoro ne aka zuba masa ƙamshi. Sai an fara gaya wa yarinya tana da aibi sannan a sayar mata da maganinsa. A ajina akwai waɗanda fuskarsu ta yi fari, gaɓoɓin yatsunsu suna nan baƙi, kuma duk yara ne masu kyau tun asali. Ni dai man da nake shafawa tun ina budurwa shi nake shafawa, ban ga abin da ya rage ni da shi ba.

Ki karanta, ki amsa mini da shuɗin bironki. Na matsu.

Goggonki

*

Garata,

Ina fatan lafiya. Mu nan sai godiya, ban da mura da ta zagaye ajina kaf ta ƙare a kaina.

Shiru ya yi yawa. Malamin lissafi ya rantse mini a hannunki ya damƙa saƙon. Na kira ki kin ce "lafiya lau, Goggo, ina aji." Na sake kira kin ce kina shago. Na san mun yi alkawari waya ta gaisuwa ce, zance kuwa sai a takarda, amma ko gaisuwar ma ta koma kamar ta maƙwabcin da aka yi faɗa da shi. Jarrabawa ce? Ko wani ya ɓata miki rai? Ki gaya mini ko wane ne, ina da sanda yanzu saboda gwiwa.

Kin kai Birnin Aron Fuska kuwa? Kada ki tsallake wuraren da na ja wa layi, ki karanta su a tsanake. Kullum na tuna babin nan sai in ce ina ma Gara na kusa.

Littattafan su zauna a wajenki har hutu, kya taho da su. Na sa an gyara tagar ɗakinki, na kuma kwashe jaridun da na tara a kan gadonki. Yaushe za a sallame ku?

Goggonki mai jira

*

Zuwa ga Goggo,

Ina gaishe ki, ina miki sannu da mura. Allah ya ƙara sauƙi. Ina lafiya.

Saƙonninki biyu sun iso. Na kai babin, kuma ban tsallake komai ba. Inda yarinyar ta ari fuska kin rubuta, "Me take tsoro?" A shafi na gaba kin rubuta, "Wannan ba ado ba ne, gudu ne." Inda ta wuce cikin kasuwa ba wanda ya kalle ta, ta ji daɗi, kin ja layi biyu kin rubuta, "Abin tausayi."

Na gane, Goggo. Shekarun da na yi a gidanki ba ki taɓa yi mini faɗa da baki ba. Da na yi ƙarya a kan kuɗin makaranta littafi na tarar a kan matashina, an ja layi. Da na daina yi wa ƙawata magana, littafi. Na san yadda kike amsa mutum. Na roƙe ki ki faɗa mini abin da kika gani a hoton, ba ki ko ambace shi ba, sai kika aiko mini da birnin masu aron fuska da labarin mai sayar da takalma.

Da kin ce "bai yi miki kyau ba" da ya fi mini sauƙi. Ke ba ki taɓa shiga mota an yi ta kallon rabin fuskarki ba. Kin sha gaya mini wurin yana da kyau, na kuma san har zuciyarki kike faɗa, amma ke kaɗai ce mai faɗa, kuma ba ke nake haɗuwa da ita a titi ba. Ba tsoro nake ji ba. Na gaji ne.

Ga littafin na dawo da shi ta gidan waya. Ban rubuta komai a ciki ba, ban kuma ƙarasa ba.

Maganar hutu, uwar shago ta ce tana neman mai tsaya mata, ina ganin zan zauna. Ban san da wace fuska zan zo miki ba. In na zo da hoda za ki ji tausayina, in na zo babu ita na yi miki ƙarya.

A gaida Baba.

Gara

*

Garata, 'yata,

Lafiyata ƙalau, mura ta tafi, kowa lafiya. Na gama gaisuwa, yau ba ni da haƙurinta.

Wasiƙarki ta same ni a ofishin malamai. Na karanta har ƙarshe, na koma farko, ina tambayar kaina wane hoto? Wane hoto yarinyar nan take faɗa? Babanki ne ya gaya mini labarin shago, ni ban ga wata takarda daga gare ki ba tun kafin in aiko littafi na biyu. Na kira Babanki, ya ce ai kin taɓa ce masa kin ba Baban Tagwaye saƙona. Ban ko tsaya neman wanda zai riƙe mini aji ba, na ce wa ɗalibai su yi karatun shiru, na ɗauki sandata.

Na je gidan Baban Tagwaye, matarsa ta ce motar tana gareji tun dawowarsa daga wajenku, giyarta ta lalace, shi kuma yana jan ta wani. Na je garejin. Ga motar an ɗage ta a kan duwatsu, babu taya ko ɗaya, kaza na kwance a ƙarƙashinta. Bakaniken ya ce, "Mama, me kika manta?" Na ce ba ni na manta ba, buɗe mini. Muka sami ledarki a ƙarƙashin kujerar direba, tare da tsumma da ɓawon lemo. Littafin yanzu warin baƙin mai yake yi, shi da tsohon mai kwalekwalenki.

Kin ce in zauna kafin in duba, sai na zauna a kan wata tsohuwar taya.

To ga amsarki, da baki, babu fensir.

Kin yi kyau. Wadda ta zaɓa miki kalar ta san aikinta, ban ga inda man ya tsaya fatarki ta fara ba. Amma ba wannan na fara gani ba. Hotunanki duk suna nan a bangon falona, tun na ranar da kika shiga aji ɗaya. A kowanne kin ɗan juya kai, kin ba mai hoto ɓangaren dama. Na daɗe ina ganinsu, na ɗauka haka tsayuwarki take. A wannan kuwa kin kalli mai ɗauka ido cikin ido. Gara, wannan ne hoto na farko da na ga kunnuwanki duka biyu. Bakaniken ya ga ina share ido ya ɗauka hayaƙi ne, ya je ya kashe injin da ke kusa.

Abin da na rubuta a gefen shafi da yarinyar littafi nake, ita kaɗai. Da na san da hoton nan da ba zan haɗa ki da babin ba sai na fara yi miki magana. Ban ga laifinki ba da kika karanta shi yadda kika karanta, ni na koya miki neman saƙona a ƙarƙashin layi. Amma ki riƙe wannan daga yau: a kan fuskarki ba zan taɓa aiko littafi ya yi mini magana ba.

Kada kuma ki ɗauka na tuba gaba ɗaya. Ɗan mai kamfanin nan har gobe majinyacin ido ne. Man bilicin har gobe ina gaba da shi, kuma tunda ke kike karanta bayan kwalba, ina so ki zo ki yi wa 'yan matana bayani, ke za su fi ji. Abin da ban sani ba shi ne abin da kika gaya mini, cewa mutum kan gaji da kallo. Ni kallon so nake yi wa wurin, ban lissafa da na cikin mota ba. Fuskarki ce. Ranar da kika ga dama ki rufe, ranar da kika ga dama ki bari, babu wadda za ki zo mini da ita in ce ƙarya ce.

Ga littafi na biyu na sake aikowa. Ban goge komai ba, don ban saba goge abin da na rubuta ba sai an kayar da ni. In kina ganin na zalunci yarinyar nan, ga gefen shafi, ga bironki.

Abu biyu nake roƙo, in kin yarda ki zo. Ki bar mini safiya ɗaya in ga wurin kafin ki rufe shi, don tafin hannuna ya yi kewarsa. Sannan ki bar ni in zauna a gefe in ga yadda ake yi da soson nan. Ba zan ce komai ba. To, zan yi ƙoƙari.

Wannan karon ma na ba malamin lissafi, na kuma ce masa in ya manta shi a mota kada ya dawo makarantar nan.

Goggonki

*

Goggona ta kaina,

Ina gaishe ki, ina gaida gwiwar da ta je gareji saboda ni. Don Allah ki shafa mata magani ki ba ta haƙuri. Ni lafiya lau, an gama jarrabawa.

Na karanta wasiƙarki a shago, na yi kuka har man ya zubo mini a wuya. Uwar shago ta ce wannan ba talla ba ce mai kyau, in shiga ciki in gyara. Da na koma ɗaki na ciro hotunan da ke wayata ina dubawa. Gaskiyarki ne, duk kunne ɗaya. Ni kaina ban sani ba.

Ki yafe mini gaisuwar maƙwabta da na riƙa yi miki. Kada kuma ki yi wa Baban Tagwaye faɗa da yawa. Ko da yake na san ba za ki yi ba, littafi za ki ba shi.

Na ƙarasa na biyu, kuma shuɗin biro ya yi aiki, ki shirya. Kin zalunci yarinyar nan, Goggo! Ki koma ki duba. Duk mutanen birnin sai mai kasuwa ya bi su yana roƙo kafin su mayar da fuskar aro. Ita kaɗai ce take cirewa da kanta tun rana ba ta faɗi ba, ta wanke tata a rijiya. Kuma da fuskar aron ta shiga har gidan da aka ɗaure iskarta ba wanda ya tare ta. Ni ban ga gudu a nan ba, na ga mai aiki a gabanta da ba ta son a tsayar da ita. Inda kika rubuta "Me take tsoro?" na amsa miki a ƙasa: "Ɓata lokaci."

Na gaya wa uwar shago ta nemi wata. Ina tafe ranar Asabar ta sama. Zan yi wa 'yan matanki bayanin bilicin, amma da sharaɗi: za ki zauna mu kalli wani fim da zan taho da shi, na wani mai gyaran agogo da ya yi shigar likita don ya burge maƙwabciyarsa. Ba shi da darasi ko ɗaya, kuma ba a yarda ki tsayar da shi ki yi tambaya ba. Na kuma zaɓo miki jan baki, mai duhu, wanda ba ya ihu. In ba ki so ki ja layi da shi a littafi.

Da hoda zan sauko daga mota, kada ki tsaya kina tambaya wace ce wannan. Safiya kuwa ba ɗaya zan ba ki ba, duka na hutun naki ne, har mu gama shan shayi. Ki dafa yadda kike so. Amma da zarar na ɗauki soso, Goggo, ba a taɓawa, ko ke ce.

'Yarki mai kunne biyu,
Gara